Awon Murnar Malami Ranar da Almajirinsa Ya Kama Waƙa: Baitoci 7 da Sharhinsu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya koyar da ɗan Adam magana, ya sanya alƙalami sababin ilimi. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako. Allah ya ƙara yarda ga Shehunmu Ahmadu Tijjani da halifofinsa baki ɗaya.

Bayan haka, ka sani ya ɗan'uwana, na daɗe ina karantar da yara da samari a Nima, cikin birnin Ankara, tsakanin Magariba da Lisha da kuma bayan Asuba. Allah ya nufi wasu daga cikinsu suka kamu da son tsara waƙa, na ji daɗin haka ƙwarai. Daga baya wani abu ya same ni wanda ya sa na tsaya na tambayi kaina: shin wannan murna tawa don Allah take, ko kuwa don kaina? Sai na yi waɗannan baitoci a baharin Mutaƙarab, da ƙafiyar "ya", na bi su da sharhi don 'yan'uwana masu karantarwa a zangunanmu. Ga su:

1. Ina gode Allah da yai min rabo,
Na yaran da ke son faɗin gaskiya.

2. Da yaro ya kawo rubutun da yai,
Kamar an zuba min zuma zuciya.

3. Ana ce wa waƙa tafarkin ɓata,
Wuƙa ce, da cuta, da ma moriya.

4. Yabo babu gyara guba ce ga ɗa,
Da tauri da taushi ake tarbiya.

5. A ranar da yaro ya zarce ka, to,
A nan ne ake gane mai yin riya.

6. Gari kan nutse, malami kan wuce,
Rubutu ya saura cikin duniya.

7. Ilahi ka kare mu kan hassada,
Da girman Ma'aiki mu sam lafiya.

Sharhin baiti na 1 da na 2

Asalin al'amarin shi ne ruwan da aka yi a Ankara daren 3 ga watan Yuni, 2015, wanda ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a Sakul ɗin Kwame Nkrumah, mutum fiye da 150 suka rasu. Allah ya jiƙan musulmin cikinsu. A lokacin muna cikin karatun Burda ta Imam Busiri, kuma al'adata ce in sa yara su buga awon baiti da yatsa a kan benci don kunnensu ya saba da kari. Bayan kwanaki kaɗan, da aka tashi karatu, wani yaro ɗan shekara 15 ya tsaya a baya har kowa ya watse. Shi ne wanda ban taɓa jin ya yi tambaya ba. Ya durƙusa ya miƙo mini takarda da ya yago daga littafin makarantar boko, ya ce, "Allah gafarta Malam, a duba mini wannan, amma kada a nuna wa kowa."

Baitoci 12 ne da Hausa. Ya faɗi yadda ruwa ya cika babbar kwatar da ta raba Nima da Mamobi, da yadda mahaifiyarsa ta ɗora buhun shinkafar sana'arta a ka tana tsaye cikin ruwa har gari ya waye, ya rufe da roƙon gafara ga waɗanda suka ƙone. Baiti 5 a cikinsu karyayyu ne. Amma wallahi ban kai ƙarshe ba sai da idona ya ciko.

Me ya kawo wannan murna? Ka sani, malami shekara da shekaru yana zuba karatu, abin da yake dawo masa shi ne abin da ya zuba. Ya biya, a maimaita. Wannan hadda ce, kuma ita ce tushe, babu mai raina ta. Amma ranar da almajiri ya kawo maganar da ba a biya masa ba, ya auna ta da ma'aunin da aka koya masa, ya sa tsoron Allah a cikinta, ranar ne malami yake sanin cewa karatun ya sauka daga harshe ya shiga zuciya. Kamar mai haƙar rijiya ne da ya daɗe yana fid da busasshiyar ƙasa, sai rannan ya ji danshi a hannunsa.

Kafin shekara ta zagayo sun kai 9 masu kawo mini takarda, har da 'yan mata 3. Yaron da a da sai an kore shi zuwa karatun Nahawu ya dawo yana tambayata ma'anar kalmomi, domin yana neman wadda za ta zauna masa a ƙarshen baiti.

Sharhin baiti na 3

Ba a daɗe ba mahaifin yaron farko ya tsallako daga Mamobi ya same ni. Bayan gaisuwa ya ce, "Allah gafarta Malam, na kawo maka yaro ya san Allah ne, ga shi ana ce mini ya zama mawaƙi. Gidanmu ba a roƙo. Kuma an gaya mini Alƙur'ani ya zargi mawaƙa." Na ce, "Alhaji, tsoronka yana kan hanya, zauna mu duba."

Gaskiya ne ƙarshen Suratus Shu'ara'i ya zargi sha'irai, ya siffanta su da yawo a kowane kwari da faɗin abin da ba su aikatawa. Amma ayar ƙarshe ta surar ta toge waɗanda suka yi imani, suka aikata na gari, suka yawaita ambaton Allah. Gaskiya ne kuma hadisi ya inganta kan munin mutumin da cikinsa ya cika da waƙa, malamai kuwa sun fassara shi da wanda waƙa ta rinjaye shi har ta shagaltar da shi ga barin Alƙur'ani da ilimi. A cikin Buhari ɗin da wannan hadisi yake, akwai wani da ya tabbatar da cewa ana samun hikima a cikin waƙa. Hassanu ɗan Sabitu yana waƙa a cikin masallacin Madina, Manzon Allah yana yi masa addu'a. Ka'abu ɗan Zuhairu ya zo yana mai tuba bayan buɗe Makka, ya rera ƙasidarsa, aka yafa masa mayafi mai albarka. Saboda haka malamai suka tafi a kan cewa waƙa magana ce kamar sauran magana, hukuncinta yana bin abin da ta ɗauka. Shi ya sa na kamanta ta da wuƙa, wadda ake yanka layya da ita, ake kuma ta'adi da ita.

Na ce masa kuma, ka dubi yadda karatu ya zo mana. Alfiyyar Ibnu Malik da muke koyon Nahawu da ita waƙa ce. Ishiriniyar Alfazazi da ake rerawa a watan Mauludi daga Kano har Kumasi waƙa ce. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi sun yi wa jama'a wa'azi da waƙa. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙa da Larabci da Fulatanci da Hausa, jajinta suna ɗaukar baitocin suna kai wa matan ƙauyuka. Shehu Ibrahim Inyas, wanda ya rasu a 1975, tun yana saurayi ya tsara Ruhul Adab, diwanansa na yabon Annabi kuwa su ne abin rerawar zawiyoyinmu. Bambancin waɗannan da maroƙi shi ne, maroƙi yana yabon wanda zai ba shi, yana zambo ga wanda ya hana shi, abin da ke aljihun mutane shi ke juya harshensa.

Alhaji ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To Malam, wa zai lamunce mini cewa ɗana ba zai karkata can ba?" Na ce, "Babu mai lamunce zuciya sai wanda ya halicce ta. Amma yaron da Allah ya ba kunne, in mun hana shi a nan zai je inda ba za a hana shi ba, ga kiɗa nan ko'ina cikin wayar hannu. Gara ya yi a gabanmu muna gani." Muka yi sharaɗi 3: ba zai taɓa waƙa ba sai ya ba da haddar ranar, ba zai zagi kowa a baiti ba, ba zai karɓi kuɗi don ya yabi wani mai rai ba. A kan haka ya yarda.

Sharhin baiti na 4

Idan ka ce, tun da murna ce, ai sai a yaba wa yaro don ya ƙara himma, sai in ce maka yabon da babu gyara a cikinsa ha'inci ne, kuma sau da yawa malami yana yinsa ne don a so shi. Waɗancan baitoci 5 karyayyu ban ɓoye wa mai su ba. Na fara da faɗin abin da ya yi kyau, na ambace shi da sunansa, wato baitin mahaifiyarsa da buhun shinkafa. Sa'an nan na sa ya buga awon sauran da yatsansa har ya ji inda ƙafar baiti ta gurɗe. Ban gyara masa da alƙalamina ba, domin baitin da malami ya gyara ya zama na malami. Sau 4 yana komawa yana dawowa.

A nan na buɗe musu ƙofar ilimin Aruli, wanda Halilu ɗan Ahmad mutumin Basra ya tsara, ya fid da bahari 15, aka ce Ahfash ya ƙara na 16. Na nuna musu cewa Hausa ma tana da gaɓa mai nauyi da marar nauyi kamar Larabci, shi ya sa magabata suka iya ɗora waƙar Hausa a kan waɗannan bahurra.

Akwai wurin da ya kamata a sassauta. Hausar yaranmu ta zango ce, ba su rarrabe "ya" da "ta" kamar mutanen Kano, kuma kalmomin Tuwi da Ga da Turanci suna faɗowa cikin zancensu. Da fari na tsananta a kan wannan, sai na ga takardu sun fara raguwa. Na gane cewa in na ce sai sun yi Hausar Sakkwato, to za su yi shiru ne kawai. Yanzu abin da ba na sassauci a kansa 3 ne: aƙida, da gaskiyar magana, da awo. Sauran kuwa ina nuna musu yadda littattafai suka zo da shi, in bar su su girma a hankali.

Sharhin baiti na 5

Wannan baiti shi ne dalilin littafin duka, kuma faɗinsa yana mini nauyi. Bayan wasu shekaru, a daren Mauludi a zawiyarmu, aka rera ƙasidar da na tsara, kamar yadda aka saba kowace shekara, jama'a suka ce madalla. Sa'an nan aka ba yaron nan dama, lokacin ya zama saurayi, ya rera tasa ta begen Annabi. Kafin ya kai rabi masallaci ya ɗauki amshi, dattawa suna kuka. Samari suka ɗauka a waya, kafin mako ya cika an ji ta a Kumasi da Tamale. Wani baƙo da ke kusa da ni ya tambaya, "Wannan a ina ya yi karatu?" Aka ce masa, "Baiwa ce kawai." Ba wanda ya ambace ni.

Na koma gida na ce a kawo mini rubutun ƙasidar. Na gaya wa kaina cewa zan duba ne don gyara. Na kwana ina bin ta baiti baiti, ina neman karaya, ban samu ba, kuma kowane baiti da ya fita lafiya sai in ji raina ya ƙara ɓaci. Wajen Asuba na farga. Mai neman gyara in bai sami kuskure ba murna yake yi. Ni kuwa baƙin ciki nake yi. To wannan ba shi da wani suna sai hassada, ga ɗan da na rena da hannuna, a kan yabon Annabin da nake da'awar so.

Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya yi bayani a cikin Ihya'u, wajen zargin son girma da riya, cewa daga alamun mai wa'azi na gaskiya akwai ya yi farin ciki idan wani ya bayyana wanda ya fi shi iyawa kuma mutane suka fi karɓarsa. Na sha karantar da wannan wuri, ban san ni ake nufi ba sai daren nan.

Ka lura da yadda abin yake ɓuya. Murnar farko, ranar da yaro ya durƙusa da takardarsa, murna ce mai sauƙi, domin rai yana da rabo a cikinta: almajirina ne, ni na koya masa, yana ƙasa da ni, yana neman hukuncina. Mai ikhlasi da mai riya duk suna jin ta, ba a rarrabe su a nan. Wurin rarrabewa shi ne ranar da rabon rai ya fita, ya zama yaro ba ya bukatar gyaranka, an fi son tasa, ba a ambace ka ba. Abin da ya saura na murna a ranar, shi ne wanda yake don Allah tun farko. In ka duba ba ka sami kome ba, to ka san kanka kake so a cikin yaron, kamar mai duba madubi.

Idan ka ce, ashe ke nan malami ya bar murna don ya tsira, sai in ce a'a. Wanda ba ya murna da almajiransa karantarwarsa ba ta albarka, yara kuma suna ganewa. Abin da ake so shi ne a yi wa murnar magani. Magabata sun ce ana maganin hassada da aikata kishiyar abin da take umarni da shi. Ta umarce ni in yi shiru, sai na tashi bayan wazifa na yabi ƙasidar a gaban jama'a, na ce ta fi tawa. Ta umarce ni in nisance shi, sai na kira shi na ce, "Ɗana, zauna ka biya mini, ina so in rubuta da hannuna." Ya ƙi zama a kan buzu, ya ce, "Malam, ai kunya za ta kashe ni." Na ce, "Zauna, ni ke da bukata." Na rubuta, na sa ƙanana suka haddace. Na kuma lazimci yi masa addu'a da sunansa a cikin sujada. Ba zan ce maka ciwon ya tafi rana ɗaya ba. Ya ɗauki watanni, kuma har yau ina tsaron zuciyata duk lokacin da aka yabe shi. Hausawa sun ce kyan ɗa ya gaji ubansa, ni kuwa na ƙara da cewa a roƙa wa uban ikon jurewa in ɗan ya wuce shi.

Sharhin baiti na 6

Abin da ya ƙara sanyaya mini rai shi ne tunawa da Alhaji Umaru na Karaki, Allah ya jiƙansa, wanda babu malamin zango a ƙasar Gana da bai san sunansa ba. An haife shi a Kano wajen 1858, ya biyo hanyar fataken goro zuwa Gwanja, ya zauna a Salga har yaƙin basasar 1892 ya watsa garin. Daga baya ya koma Kete Karaki, lokacin tana hannun Jamusawa, ya yi limanci da karantarwa a can har ya rasu a 1934. Ya yi waƙa da Larabci da Hausa a kan abin da idonsa ya gani: rushewar Salga, da zuwan Nasara, da talauci da wadata, da annobar mura ta 1918. Ya kuma juya waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi zuwa Hausa. Da na ga yaronmu ya yi wa ambaliyar 2015 waƙa, na san hanyar da ya taka tsohuwa ce, ko da shi bai sani ba.

To dubi abin da ya faru. Bayan an gama madatsar Akosombo a 1965, tafkin Bolta ya ci tsohon garin Karaki, aka tashi mutane zuwa sabon wuri. Amma waƙoƙin Alhaji Umaru suna nan, domin almajiransa da almajiran almajiransa sun kwafe su da hannu sun watsu da su cikin zanguna. A shekarun 1960 masu bincike na Jami'ar Gana da ke Legon suka bi gidajen malamai suna tattara irin waɗannan rubuce-rubuce, suka sami nasa da yawa. Da ya kasance mai ƙyashin almajiransa, mai riƙe ilimi a ƙirjinsa don kada a kamo shi, da ruwan da ya ci garin ya ci sunansa.

Mu ma haka. Malam Bako da ya kafa Sabon Zango ya wuce, Malam Amadu Futa da ya sari Nima a farkon shekarun 1930 ya wuce, mu ma muna kan hanya. Hadisi ya ƙidaya ilimin da ake amfana da shi cikin abubuwa 3 da ladarsu ba ta yankewa bayan mutuwa, bai kuwa sa sharaɗin a ambaci sunan malami ba. Duk baitin yabon Annabi da yaron nan zai tsara, ina fatan Allah ya sa mini rabo a cikinsa, ko baƙon nan ya san ni ko bai san ni ba. Ashe ke nan fifikonsa a kaina riba ce gare ni, wauta ce ta sa na ɗauke ta hasara.

Sharhin baiti na 7

Wasiyyata ga 'yan'uwana malamai: in yaro ya miƙo muku takarda, ku karɓa da hannu biyu, ku karanta a gabansa, kada ku yi dariya ko da duk baitocin karyayyu ne. Ku ba 'yan mata dama kamar yadda Shehu ya ba Nana. Ku riƙa tambayar zukatanku tun yaran suna ƙasa da ku, kafin ranar da za su wuce ku ta zo.

Wasiyyata gare ku 'ya'yana masu waƙa: Alƙur'ani a gaba, waƙa a baya. Kada ku faɗi a baiti abin da ba ku yi niyyar aikatawa ba. Kada ku sayar da harshenku ga mai kuɗi ko mai neman kujera, kada ku sa shi cikin rigimar da ke raba musulmin zango. Wanda aka yaba wa a cikinku ya tuna ranar da shi ma almajirinsa zai zarce shi.

Ya Allah ka tsarkake zukatanmu daga hassada da riya da jiji da kai, ka sa almajiranmu su fi mu ilimi da aiki, ka jiƙan malamanmu da iyayenmu, ka zaunar da ƙasarmu lafiya, don alfarmar Shugaban halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wanda ya ga kuskure a cikin wannan ya gyara, ya kuma sa ni cikin addu'arsa. Allah shi ne mafi sani.

Tammat bi hamdillahi.